Yadda Ake Bitar Rabe-raben Halittu da Sunayensu na Kimiyya Kafin WAEC, NECO da JAMB

Da zarar zafin Maris ya kankama a Sakkwato, jarrabawa ta matso, tambaya ɗaya nake sha bayan kowane darasin yamma. Yaro zai tsaya a bakin ƙofa har kowa ya watse, sannan ya ce, "Malam, sunayen ga ba su zama mini ga kai. In na hardace da dare, da safe sun tashi." Wasu ta waya suke aiko da irinta, har da iyaye. Na gaji da maimaita amsa, shi ya sa na zauna na rubuta ta gaba ɗaya.

Abin da na lura da shi a shekarun da na yi ina koyar da bayoloji shi ne, wannan babin ba ya kayar da ɗalibi don wuyarsa. Hanyar da ake bi masa ce ba daidai ba. Ana ɗaukar jerin sunayen Latin ana ta rerawa kamar karatun allo, alhali ba a rataya ko ɗaya a jikin abin da ido ya taɓa gani ba. Ga shi kuwa rabin abin da ake tambaya yana yawo a tsakar gidanku, sauran yana kasuwar Kara ko bakin gulbi. Tsarin da ke ƙasa na kwana goma sha huɗu ne, minti arba'in zuwa awa ɗaya kullum. Kalmomin da dole a rubuta su da Turanci ko Latin a takardar amsa na bar su da rubutunsu, domin harafi ɗaya in ya kauce, maki ya tafi.

1. Tara kayan aiki

Kana buƙatar sabon littafin rubutu guda, wanda ba za ka haɗa shi da wani darasi ba. Sai fensir HB biyu, reza ko abin fiƙe fensir, magogi, rula mai santimita 30, da kwali. Kwalin ba sai ka saya ba. Na taliya ko na sabulu da mai shagon unguwa zai jefar ya isa, ka yanka shi ƙanana kamar girman katin zaɓe, guda sittin. Nemi gwangwanin madara biyu da babu komai ciki, da kwalba mai marfi guda biyu ko uku.

Abu biyu ne za su fi cin kuɗi: littafin tambayoyin shekarun baya, da littafin bayoloji in ba ka da shi. Ku haɗu ku uku ku sayi na tambayoyin, ku riƙa karɓa-karɓa. Manhajar JAMB kyauta take a shafin hukumar na intanet, ta WAEC ma malaminka yana da ita. Ka kwafe sashen rabe-raben halittu da hannunka a shafin farko na littafin nan. Madubin hannu mai ƙara girman abu yana da amfani, amma in babu, kyamarar waya in ka matso da ita tana nuna ƙafafun kyankyaso sarai.

Gargaɗi: kada ka kashe kuɗinka kan takardun "sunaye ɗari biyar da za su fito" da ake yaɗawa a WhatsApp. Na duba da yawa daga cikinsu, cike suke da kuskuren rubutu. Wanda ya hardace kuskure ya fi wanda bai karanta ba shan wahala, don sai ya fara kankarewa kafin ya rubuta sabo.

Lokaci kuma, bayan sallar asuba ya fi. Wanda ya ce zai yi hadda ƙarfe biyu na rana a watan Afrilun Sakkwato, ga wuta an ɗauke, barci kawai zai hardace.

2. Matakala bakwai, kwana biyu

Jerin shi ne Kingdom, Phylum, Class, Order, Family, Genus, Species. A tsirrai ana yawan cewa Division a maimakon Phylum. Ɗalibaina suna riƙe shi da wata jimlar shirme da muka ƙirƙira a aji: "Kawu, Pate Cikin Ofis? Fura Ga Sanyi!" Harafin farko na kowace kalma shi ne na matakin. In littafinka ya sa Domain a sama, sai ka ƙara "Dattijo" a gaban Kawu. Shirmen ne ke sa ta zauna.

Amma riƙe jerin kwata ne na aikin. Abin da ake tambaya shi ne ma'anarsa: duk saukar da ka yi, yawan halittun da ke cikin rukunin yana raguwa, kamanninsu kuma yana ƙaruwa. Don wannan ya shiga jikinka, ka tuna kasuwar Kara ranar da ta cika.

Ga akuya, ga tunkiya, ga sa, ga raƙumi, ga jaki a ɗaure, ga mai kaji da kejinsa a gefe. Dukkansu Animalia ne, dukkansu Chordata ne, wato tafiyarsu ɗaya a mataki biyu na farko. A mataki na uku kaza ta rabu da su: ita Aves, su Mammalia, masu gashi a jiki masu shayar da 'ya'ya nono. A na huɗu jaki ya kama hanyarsa. Dubi ƙafarsa, kofato ɗaya ne dunƙule, don haka shi da doki suna Perissodactyla. Akuya da tunkiya da sa da raƙumi masu yatsu biyu ne, Artiodactyla. A na biyar raƙumi ya yi sallama ya shiga Camelidae, ya bar ukun nan a Bovidae. A na shida kowa ya shiga gidansa: akuya Capra, tunkiya Ovis, sa Bos. Cikakken sunan akuya Capra hircus, na tunkiya Ovis aries, na raƙuminmu mai tozo ɗaya Camelus dromedarius.

Zana wannan a shafi ɗaya kamar itace mai rassa, ka nuna inda kowace dabba ta sauka. Rufe littafin ka sake zanawa. Yi haka sau uku a rana ta farko. Rana ta biyu ka ƙara mutum: Animalia, Chordata, Mammalia, Primates, Hominidae, Homo, sapiens. Wannan yana yawan fitowa, ka iya shi kamar sunan babanka.

Wata dabara mai sauƙi: sunan Family na dabba yana ƙarewa da idae, kamar Bovidae da Hominidae. Na tsiro yana ƙarewa da aceae, kamar Poaceae, dangin gero da dawa da masara da shinkafa. In aka jero maka zaɓi huɗu a JAMB, wutsiyar kalmar kaɗai tana iya kore biyu.

Gargaɗi: kada ka rikita species da iri na kiwo. Jar akuyar Sakkwato da ake yabon fatarta a duniya, da doguwar farar akuyar Sahel, duk Capra hircus ne. Balami da Uda da 'Yankasa duk Ovis aries ne. Ma'aunin species shi ne su yi barbara su haifi ɗan da shi ma zai iya haihuwa. Jaki da goɗiya suna haifar alfadari, amma alfadari ba ya haihuwa, shi ya sa jaki Equus asinus ne, doki kuma Equus caballus. In za ka ba da ma'anar species ka bar kalmar fertile, ba ka ba da amsa ba.

3. Ƙa'idar rubuta suna, kwana biyu

Dalilin sunan kimiyya a bakinmu yake. Abin da Basakkwace zai kira mussa, wani ya ce mage, wani ya ce kyanwa. Dogon yaronmu a Kano darbejiya ne. In Hausawa kaɗai sun saɓa haka, ina ga duniya? Shi ya sa aka tsaya kan tsarin suna mai kalma biyu da Carolus Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin ya kafa, na tsirrai daga 1753, na dabbobi daga 1758. Sunansa da sunan tsarin, binomial nomenclature, su kaɗai kake buƙata daga tarihin.

Ƙa'idojin ba su da yawa. Kalma ta farko genus ce, da babban baƙi take farawa. Ta biyu duk ƙananan baƙaƙe ne, ko da daga sunan ƙasa ko na mutum aka samo ta. A bugun littafi ana karkatar da rubutun. Da hannu kuwa ana ja wa kowace kalma layi a ƙasa, daban-daban, layi biyu ke nan da ɗan fili a tsakaninsu. A nan kan allon waya kake karantawa ba ka ga layi ba, amma kai da ke riƙe da biro ba ka da uzuri. Bayan ka ambaci cikakken suna sau ɗaya, kana iya taƙaita na farkon, kamar Z. mays. In ka ga L. a bayan suna, ba ɓangaren sunan ba ne, alamar Linnaeus ce wanda ya raɗa shi, kuma ba a ja mata layi.

Ba zan manta da wata ɗaliba da na koyar ba, yarinya mai ƙoƙari ƙwarai. A gwajin share fage na ba su sunaye biyar, ta san biyar ɗin, ta tashi da sifili. Ta rubuta Zea Mays da babbar M, sauran huɗun ta ja musu dogon layi ɗaya daga farko har ƙarshe. Ta zo da takardar idonta ya ciko, ta ce, "Malam, ai duka na sani." Na ce, "Na san kin sani, 'yata, amma mai makin ba zai ga cikin kanki ba, takarda zai gani." Tun daga ranar na daina karɓar amsar wannan babin da baki a aji. Sai a rubuce.

Yanzu kwalayen nan. A fuska ɗaya rubuta sunan Hausa, a ɗayar sunan kimiyya da layukansa. Fara da abin da ke cikin tukunyarku: masara Zea mays, dawa Sorghum bicolor, shinkafa Oryza sativa, wake Vigna unguiculata, gyaɗa Arachis hypogaea, albasa Allium cepa, tafarnuwa Allium sativum, kuɓewa Abelmoschus esculentus, yakuwa Hibiscus sabdariffa, zogale Moringa oleifera. Sai itatuwa: kuka Adansonia digitata, tsamiya Tamarindus indica, mangwaro Mangifera indica, dogon yaro Azadirachta indica, dabino Phoenix dactylifera. Sai maƙwabtan dole: ƙuda Musca domestica, kyankyaso Periplaneta americana, ƙadangare Agama agama, zabo Numida meleagris, tarwaɗa Clarias gariepinus. Ashirin ke nan, goma a rana. Kada ka wuce haka.

Ka lura da wani abu a jerin? Tsamiya da mangwaro da dogon yaro duk indica ne, amma ba dangin juna ba ne, kowanne Family ɗinsa daban. Albasa da tafarnuwa kuwa kalmarsu ta biyu ta bambanta, amma genus ɗaya suke, su ne 'yan gida ɗaya. Wannan tarko ne da masu tsara tambaya suke so: a jero sunaye a ce waɗanne biyu suka fi kusanci. Kalmar farko za ka duba. Ta biyun kamar a ce Bello ne, Bello nawa ne a Sakkwato? Haka giwan ruwa Lates niloticus da kada Crocodylus niloticus, ɗaya kifi ɗaya mai jan ciki.

Gargaɗi: wasu sunaye masana sun canja su. Bagaruwar da majema ke jima da ita tsofaffin littattafai sun ce Acacia nilotica, sababbi Vachellia nilotica. Kaɗanya da Butyrospermum ce, yanzu Vitellaria paradoxa. Gero ma za ka gan shi da suna fiye da ɗaya, wanda aka fi sani Pennisetum glaucum. Kada wannan ya ɗaga maka hankali. Riƙi wanda ke littafin makarantarku, ka rubuta ɗayan ƙarami a kusurwar kati don ka gane shi in ya fito cikin zaɓi.

4. Masarautu biyar, kwana biyu

Manhajojinmu suna bin tsarin masarautu biyar, wato Kingdom biyar, da Robert Whittaker ya kawo a 1969: Monera, Protista, Fungi, Plantae, Animalia. Wasu littattafai suna rubuta Protoctista. Akwai tsarin Domain uku na Carl Woese na 1990, wato Bacteria, Archaea da Eukarya. Ka san da shi, amma kada ka kai shi inda aka tambaye ka masarautu.

Raba shafi gida biyar, ka yi wa kowace masarauta tambaya uku: ƙwayar halittarta tana da nucleus na gaske, wato cibiyar ƙwayar mai rufi nata na kanta? Ƙwaya ɗaya ce ko da yawa? Yaya take samun abinci? Monera ba ta da nucleus na gaske, bakteriya ke nan, irin Vibrio cholerae mai kawo amai da gudawa da Salmonella typhi mai kawo taifot. Protista suna da nucleus, yawancinsu ƙwaya ɗaya ne: Amoeba, Paramecium, Euglena, da Plasmodium mai zazzaɓin cizon sauro, da Trypanosoma mai sa wa shanu sammore. Fungi ba su da kulorofil, narkar da abinci suke yi a waje su tsotse, bangon ƙwayarsu na chitin ne: laimar kwaɗi, yis na masu burodi, fumfuna. Plantae suna haɗa abincinsu da hasken rana, bangonsu na cellulose. Animalia ba bango, sai sun ci.

Don ka ga Fungi da idonka, yayyafa wa guntun burodi ruwa, ka ƙulle a leda, ka ajiye a gindin randa inda akwai sanyi. A busasshiyar iskar garin nan in ka bar shi a fili ƙamewa zai yi kamar katako, ba abin da zai tsiro. Cikin kwanaki kaɗan za ka ga farin zare kamar auduga, daga baya ɗigo-ɗigo baƙaƙe a samansa kamar kan allura. Galibi Rhizopus ke nan, baƙaƙen kuma su ne sporangia, 'yan jakunkunan ƙwayoyin da yake yaɗuwa da su. Kada ka buɗe ka shaƙa, ta cikin ledar za ka kalla, ka zana, ka jefar.

Gargaɗi: wurare uku ake zamewa a nan. Sauro ba shi ne ƙwayar cutar maleriya ba, shi ɗan aike ne. Macen Anopheles dabba ce cikin Insecta, Plasmodium kuma Protista. Na biyu Euglena, wadda ke da kulorofil kamar tsiro, tana kuma iyo da flagellum, wani zare mai kama da wutsiya, kamar dabba. Ka iya halayenta biyu na kowane ɓangare. Na uku bairos, wanda ba ya cikin ko ɗaya daga biyar ɗin, don ba ƙwayar halitta ba ne, kuma ba ya hayayyafa sai a cikin ƙwayar wani mai rai. Gansakukar ruwa irin Spirogyra kuwa littattafai sun saɓa, wasu Protista, wasu Thallophyta a ƙarƙashin tsirrai. Bi manhajar jarrabawar da za ka zauna.

5. Tsirrai, da gwangwani biyu

Wannan matakin a rana ta farko ta bitar ya kamata ka fara shi, don shuka ba ta san gaggawa ba. Huda ƙasan gwangwanayen, ka cika da yashi, ka shuka masara ko dawa a ɗaya, wake a ɗayan. Ruwa safe da yamma, a inuwa, inda kaji da awaki ba za su kai ba. Zuwa rana ta bakwai ko takwas sun isa kallo.

Jiƙa yashin sosai, ka zazzage a hankali, ka wanke saiwar ka shimfiɗa su a kan takarda. Waken ya fito da ɓarinsa biyu a saman ƙasa, saiwarsa guda ce babba ta miƙe ƙasa da ƙanana a gefenta, jijiyoyin ganyensa sun sarƙe kamar raga. Masarar ganyenta dogo ne siriri, jijiyoyinsa a jere suke ba sa haɗuwa, saiwoyinta kuma in ta ƙara kwana za su zama tuntu kamar gemu. Ka gama ganin bambancin dicotyledon da monocotyledon. Abin da ya rage ka ƙara daga littafi shi ne fure: sassan na monocot uku-uku suke zuwa, na dicot huɗu-huɗu ko biyar-biyar. In ka bar waken ya yi makonni, za ka ga ƙulle-ƙulle a saiwarsa, gidan bakteriyar Rhizobium, amsar wata tambayar ke nan a wani babin.

Sauran rukunan ka bi su a jere daga mai sauƙin jiki zuwa mai sarƙaƙiya: Thallophyta, Bryophyta, Pteridophyta, Spermatophyta. Bryophyta ba su da bututun ɗaukar ruwa, ba su da saiwa ta gaske. Pteridophyta suna da bututun amma ba sa yin iri. Spermatophyta masu iri ne, Gymnosperm irinsu tsirara, Angiosperm irinsu a rufe cikin ɗan itace. Na tsakiyan nan biyu ba kasafai ake cin karo da su a busasshiyar ƙasarmu ba, don haka a nan hoto za ka dogara da shi. Zana kowanne sau biyu daga littafi.

Gargaɗi: girma ba ya sa itace ya zama dicot. Giginya da goruba da dabino duk tsawonsu monocot ne. Dubi kabarsu.

6. Dabbobi, kwana uku

Nan ne makin ya fi taruwa, musamman a firaktikal. Rana ta farko marasa ƙashin baya, kowane Phylum da misali ɗaya da alama biyu. Platyhelminthes masu faffaɗan jiki: tsila, da Schistosoma mai kawo tsargiya ga masu wanka a fadama. Nematoda masu mulmulallen jiki marar gaɓa: macijin ciki Ascaris, da kurkunu. Annelida masu jiki gaɓa-gaɓa: tana da matsattsaku. Mollusca: dodon koɗi. Porifera da Coelenterata da Echinodermata yawancinsu 'yan teku ne, daga hoto za ka san su, ka riƙe Hydra da kifin tauraro, wanda duk da sunansa ba kifi ba ne.

Rana ta biyu ka ba Arthropoda ita kaɗai. Alamarsu ɓawo mai tauri a waje da ƙafafu masu gaɓoɓi. Aikin duka ƙirga ne. Insecta ƙafa shida, jiki kashi uku, eriya biyu: fara, ƙuda, kyankyaso, gara. Arachnida ƙafa takwas, ba eriya, ba fiffike: gizo-gizo, kunama, kaska. Crustacea eriya huɗu, kamar ƙaguwa. Shanshani, Chilopoda, ƙafa biyu a kowace gaɓa. Ƙadandoniya, Diplopoda, ƙafa huɗu a kowace gaɓa.

Samo mataccen kyankyaso ka kifar da shi a takarda. Za ka ga ƙafafun shida duk daga ƙirji suka fito, ko ɗaya babu a ciki. Sai ka roƙi mai kiwo ya cire maka kaska daga kunnen akuya, ka jefa a kwalba ka rufe, ka ƙirga ta bayan gilashi. Takwas. Da Hausa duk ƙwaro muke ce musu, kuma wannan kalmar ce ke jefa yaranmu a rami, su rubuta Insecta a gaban kaska.

Gargaɗi: kada ka kama kunama ko shanshani da rai da sunan bita, kuma kada ka murƙushe kaska da yatsa, tana ɗauke da cuta. Ka sani kuma ɗan kaska sabon ƙyanƙyasa ƙafa shida gare shi, sai ya girma yake cika takwas. Rashin fiffike ma ba hujja ba ne: kwarkwata da ƙuma ba sa tashi, amma Insecta ne.

Rana ta uku masu ƙashin baya: Pisces, Amphibia, Reptilia, Aves, Mammalia. Waɗannan ba su da wuya, sai 'yan ɓad-da-kama. Jemage yana tashi amma gashi gare shi yana shayarwa, Mammalia ne. Ayu da dorina a ruwa suke, su ma haka. Kunkuru da kada da damo da hawainiya Reptilia. Kwaɗo Amphibia, fatarsa ba ɓawo, a ruwa yake ƙwai. Gaiwa tana kwana cikin busasshen taɓo tana shaƙar iska har damina ta dawo, duk da haka kifi ce. In hanya ta bi da kai Kwalkwalawa wajen masu kifi, ɗaga marfin kumatun tarwaɗa ka ga jajayen gills ɗin, ka shafa jikinta ka ji santsi ba ɓawo, ka kwatanta da karfasa.

7. Mabuɗin raba biyu, kwana ɗaya

Sunansa a takarda dichotomous key. Ana jero halittu, kai kuma ka riƙa raba su gida biyu da tambaya mai amsar e ko a'a, har kowa ya tsaya shi kaɗai. Gwada da biyar: kyankyaso, kaska, ƙadandoniya, tana, dodon koɗi. Yana da ƙafafu masu gaɓoɓi? Uku na farko e, biyu a'a. Cikin biyun, yana da ƙoƙo a baya? E, dodon koɗi. A'a, tana. Cikin ukun, ƙafafun sun wuce takwas? E, ƙadandoniya. Sauran biyun, ƙafa shida ce? E, kyankyaso. A'a, kaska. Tambaya huɗu ta raba halitta biyar, kuma kullum haka lissafin yake, tambayoyi suna gaza halittun da ɗaya.

Gargaɗi: yi amfani da abin da ido ke gani a jikin abin. Kada ka ce "babba ne" ko "yana cizo" ko "yana zama a banɗaki". Launi ma ba abin dogaro ba ne, ƙadangare namiji jan kai gare shi, macen ba ta da shi, kuma species ɗaya ne.

8. Kati da tambayoyin baya, sauran kwanakin

Zuwa yanzu, in ka haɗa da sunayen da ka ci karo da su a sauran matakan, katunanka sun kusa sittin. Raba su tuli uku: wanda ka rubuta daidai, wanda ka sani amma harafi ya kauce, wanda ya ɓace gaba ɗaya. Na uku kullum, na biyu bayan kwana biyu, na farko sau ɗaya a mako. Ba ƙaninka katunan ya riƙa kiran sunan Hausa, kai kana rubutawa. Ko ɗan firamare zai iya duba maka harafi da harafi, kuma yara ba sa yafe kuskure, daɗi ma suke ji.

Sai tambayoyin baya. Kada ka bi su shekara-shekara. Tsinto na wannan babin kaɗai daga shekaru goma, ka amsa a rufe da agogo a gabanka. A JAMB tambaya 40 ce a bayoloji, cikin 180 da za a amsa a awa biyu, wato ba ka da ko minti ɗaya cikakke a kan kowace. Duk wadda ka faɗi, rubuta dalilin faɗuwar a bayan littafinka: rashin sani ne, gaggawa ce, ko ba ka ga kalmar except ko not ba. Bayan kwana biyu za ka ga kuskurenka iri ɗaya ne yake ta canja riga. In ba ka saba da kwamfuta ba, biya kuɗin zama ɗaya ko biyu a cibiyar gwaji. Fiye da haka ɓarnar kuɗin mota ne.

Gargaɗi: amsoshin da ke bayan waɗannan littattafan ba wahayi ba ne. In amsa ta saɓa wa littafin karatunka, kai wa malaminka.

9. A ɗakin firaktikal

Karanta matakin da aka tambaya kafin ka ɗora biro. In an ce Class na fara, Insecta ne. Wanda ya rubuta Arthropoda ya faɗi gaskiya amma ya amsa tambayar da ba a yi ba. Sunan Phylum da Class da Order da babban baƙi suke farawa, ba a kuma ja musu layi. In an nemi dalili, kawo abin da ke jikin samfurin da ke gabanka, ba abin da ka sani game da rayuwarsa ba: "three pairs of jointed legs", ba "it lays eggs" ba, tun da ba ka ga ƙwan a kan tebur ba.

In an ce ka zana, auna tsawon da aka nema da rula tukuna, sau da yawa santimita 8 zuwa 10 ne, ka sa ɗigo sama da ƙasa, sannan ka zana tsakaninsu. Fensir mai tsini, layi ɗaya tsaf, ba inuwa, ba shafe-shafe. Layukan nuni da rula, kada su gitta juna, kowanne ya taɓa abin da yake nunawa. In layin ya taɓa ƙafa ɗaya, rubuta leg, ba legs ba. Sa take, sa yawan ƙarin girma: tsawon zanenka raba da tsawon samfurin, da alamar × a gaba. Kyankyaso mai santimita 4 da ka zana a santimita 8, ×2 ke nan. Shiga da fensir biyu a fiƙe, don ba mai ara maka reza a ranar.